Darar da Aka Gwada a Kaina

Tun da na dawo daga Maleshiya 'yan layinmu na kasuwa suka sa ni a gaba. Wannan ya ce da gaske ne da shinkafa suke karyawa, wancan ya ce yaya aka yi na tafi mako uku na share wata biyar. Na gaji da ba kowa labari guntu-guntu ciniki yana wuce ni, shi ya sa na zauna na rubuta, kowa ya karanta ya bar ni in sayar da hulunana. Amma in gaya muku tun yanzu, labarin hula ɗaya ne, kuma ba ni ne mutumin kirkin cikinsa ba.

Mu biyu ne maza a wurin Baba, ni Auwalu, sai ƙanena Sani. Ni aka zaunar a rumfar huluna daga gama sakandare. Shi kuma aka ce kansa yana ja, ya yi ta karatu har gwamnati ta tura shi Kuala Lumpur, ya shekara bakwai bai leƙo gida ba. Da ya gama digirin dakta aka sa ranar bikin yaye su, Baba ya ce ƙafafunsa ba za su kai shi ba, ni zan je a madadinsa.

Ana jibi zan tashi, Baba ya sa na sauko masa da gwangwanin da ke can saman kanta. Kowa a layinmu ya san abin da ke ciki: jar darar kakanmu. Don yaran yanzu, dara ba saƙa ba ce, ba kuma ɗinki ba. Ulu ne ake jiƙawa a danne shi har ya kama jikinsa ya yi tauri, a rina shi ja, a sa masa baƙin tuntu a tsakiya. Sau biyu Baba yake sa ta a shekara, ƙaramar salla da babba. Ni nake kakkaɓe ta, ni nake mayar da ita. Shekara ashirin da biyu ina kallon gwangwanin nan ina cewa a raina, ai ni ne ɗan fari, kuma ni na gaji sana'a.

"Cire hularka," in ji Baba.

Na cire. Ya ɗora min darar, ya juya ta sau ɗaya kamar yadda yake yi wa masu saye, ya ja da baya ya dube ni.

"Daidai," ya ce. Har na fara murmushi, sai ya miƙo hannu ya cire ta. "Ka kai wa Dakta. Ya sa ranar bikin, ya riƙe ta."

Masu wankin hula suna da wani itace mai siffar kai da suke ɗora hula a kansa ta bushe. Ranar na san matsayina a gidanmu. Na ce to, Baba, na rufe gwangwanin.

Daga Kano muka sauka a Addis Ababa, muka yi zaman jira na awa shida, gwangwani a kan cinyata kamar mai goyo. Lokacin ana jin labarin korona a rediyo ne kawai, kamar abin wata duniya. Na ga wasu sun rufe hanci da baki, har na taɓa na kusa da ni na ce ka ga masu gudun mutuwa. Da muka sauka a Kuala Lumpur wani ya nufo goshina da wata aba kamar ƙaramar bindiga, na sunkuya ina salati, ashe zafin jiki yake aunawa. Mace ce ta buga min hatimi, da lulluɓinta da kakinta, ba ta ko yi min murmushi ba. Masu duba kaya suka ce nama ba ya shiga ƙasarsu, suka ɗauke kilishin da na ɗauko tun daga gida. Suka buɗe gwangwanin, suka juya darar, suka miƙo min abata. Wallahi a raina cewa na yi, da ma ita kuka riƙe kuka bar min kilishin. Da kowa ya rasa.

Sani ya yi ƙiba, ya yi haske, ya sa tabarau. A gaban mutane ya durƙusa ya gaishe ni.

"Yaya, sannu da hanya. How was the flight? Ya Baba?"

"Yana gaishe ka," na ce.

Muna fita waje iska ta rufe ni, ɗumi da laima, kamar banɗakin da wani ya gama wanka da ruwan zafi. Gidansa yana hawa na goma sha huɗu, kusa da titin jami'arsu, Jalan Semarak. Wuta ba ta ƙiftawa, famfo yana ba da ruwan zafi da na sanyi. Na tsaya a taga na tuna yadda nake yi wa Baba fifita da kwali a rumfa. Matarsa Hajara ta yi min tarba ta mutunci, ba ni da abin cewa. 'Yarsu Amira kuwa, da ya kamata ta ce min Baffa, sai ta dube ni ta ce, "Uncle, dah makan?" Wai na ci abinci? Na buɗe jaka na fito da kuka da daddawa da yaji da turare. Gwangwani na tura shi ƙasan kaya. Na ce sai na huta. Da na huta, na ce sai Juma'a.

Batun shinkafa gaskiya ne. Da safe ake cinta, dafaffiya da ruwan kwakwa, da 'yan ƙananan kifi da gyaɗa da wani yaji mai zaƙi. Komai nasu da sukari, har miya. Ba sa nuna abu da ɗan ali, da babban yatsa suke nunawa. In sun gaisa da kai sai su kai hannu ƙirji, kamar mu. Takalmi kuwa ko gidan wa za ka shiga a ƙofa ake barinsa, kuma ka fito ka tarar da abinka.

Ranar Juma'a na ga mazansu da baƙaƙen huluna masu tauri, suna ce musu songkok. Bayan an sauko muka zauna a mamak, wato rumfar shayi da abinci ta Indiyawa Musulmi. Su ma suna ɗaga kofi sama su zubo shayi kamar mai shayin bakin kasuwarmu. Abokan Sani suka kewaye mu, kowa Dakta, Dakta, ni kuma "yayan Dakta", kamar ba a raɗa min suna ba. Akwai Malam Bashir, ɗan Zariya mai karatun Larabci. Sai ga Madam Hannatu, 'yar Jos, malamar jinya kuma maƙwabciyar su Sani, ta zo tapau, wato a ƙunsa mata abinci ta tafi da shi, ita ma ta ja kujera.

Na ce hulunan mutanen nan kamar baƙar dararmu. Malam Bashir ya juyo.

"Yawwa, ga expert. Yayan Dakta, ita kalmar dara ɗin nan, daga ina ta samo asali?"

"Ai simple ne," in ji Madam Hannatu. "Wanda ya sa ta ya ɗara kowa. A wurinmu masu sarauta ne suke sawa."

Na ce mata dara daban, ɗara daban, harshe ma ya san bambancin. Na gyara zama zan ba da labarin da na ji a bakin Baba ya fi sau ɗari, sai Sani ya ajiye kofinsa.

"Actually, akwai wani very interesting oral tradition a family ɗinmu."

Ya kwashe labarin tas. Wai Larabawan da suke ratso sahara da raƙuma su suka kawo ta Kano. Da yake ba ta da gaba ba ta da baya, in sun ɗora wa mai saye sai su juya ta a kansa su ce "dara", wato ta zagaya. Mutanen gari suka ɗauka sunanta ke nan. Ya faɗa da Turanci ya faɗa da Hausa, yana juya hannu a iska. Ya ce Larabawan Misira ne. Na ce na Turabulus ne, ba wanda ya ji ni.

"Akwai kalmar a Larabci kam, da ma'anar zagayawa," in ji Malam Bashir. "Ba zan rantse daga nan ta fito ba, but it's beautiful. Dakta, you should write a paper on this, lah." Wannan "lah" ɗin mutanen can a ƙarshen kowace magana suke liƙa ta.

Mutumin da bai taɓa sayar da hula ko ɗaya ba. Shayin ya fita daga raina. Na ce a zuciyata, labarin ma ka karɓe, to hular tana wurina.

Kwana goma da zuwana aka rufe ƙasar. Aka rufe masallatai, aka tsayar da jirage, aka ɗage bikin yayewa har sai abin da hali ya yi. Jami'an tsaro suka tare hanyoyi. Aka ce mutum ɗaya ne zai fita cefane a kowane gida, shi ne maigida. Wato Sani. Ni da na goya shi, sai in zauna a falo ina kallon zanen yara a talabijin, in ya dawo ya miƙo min abinci a leda ya ce, "Yaya, makan." Ban taɓa jin tuwon wani ya tsaya min a wuya irin na watannin nan ba, alhali ko sau ɗaya bai ɓata min ba. Rashin ɓata min ɗin ma haushi yake ba ni.

Baba yakan kira ni in an yi sallar asuba a Kano, mu can rana ta take.

"Auwalu, ka ba shi?"

"Baba, ai an ɗage bikin. Ina jira ranar ta zo ne, ya fi armashi."

Sai ya ce, "To. Ai kai ne a wurin."

Sau uku ya tambaye ni a cikin wata guda, daga nan bai ƙara ba.

A farkon azumi, lokacin da aka yi ta rasa dattawa a Kano, limamin unguwarmu ya kira ni wajen azahar. Baba ya rasu, zazzaɓin kwana biyu ne. Kafin mu gama fahimtar abin da ake gaya mana har an kai shi. Maza biyu ya haifa, ba wanda ya ɗauki makararsa. Muka zauna a falo a hawa na goma sha huɗu muna karɓar gaisuwa ta waya. Kuma ku ji irin zuciyata: a cikin wannan hali ina lura da cewa wayar Sani ta fi tawa yin ƙara.

Bayan addu'ar uku na kulle ɗaki na jawo gwangwanin. Ina buɗewa wari ya buge ni. Darar ta yi fumfuna, fari-fari da kore-kore tun daga baki har tuntu. Ta fi shekara sittin a Kano ba abin da ya same ta, wata biyu a ƙasan jakata laimar garin nan ta cinye ta. Na shiga banɗaki da tsumma da ruwa, sai ja ya fara bin hannuna, gefe ɗaya ya lotsa. Na zauna a bakin baho na yi kukan da ban yi ba ranar rasuwar.

Da aka sassauta doka aka buɗe shaguna, na ce wa Sani zan je in miƙe ƙafa. Na hau jirgin nan nasu mai tafiya a kan dogo ɗaya a sama, na sauka a Chow Kit, kasuwar da na ji an ce ba abin da babu. Ƙarnin kifi, ƙasa a jiƙe, 'yan ci-rani daga ko'ina suna kiran ciniki ta cikin takunkumi. A bakin kowane layi sai an auna goshinka ka rubuta sunanka a littafi. A wani lungu na sami kedai, wato shago, cike da songkok, wata dattijuwa tana zaune a ƙofa. Na haɗa 'yan kalmomin da na tsinta a wata biyu, na yi sallama na ce:

"Saya ada dara. Dara rosak. Boleh cuci?"

A nufina, ina da dara, ta lalace, ko za a iya wankewa. Idanun matar suka fito a saman takunkumi. Na zaci ba ta ji ba ne, na ɗaga murya na ƙara bayani: "Dara tua. Dara merah." Tsohuwa ce, ja ce. Ta miƙe tsaye ta ƙwala kira. Mutane suka taru, amma nesa-nesa, wani yana nuna ni da babban yatsa.

"Yaya Auwalu! Me kake yi a nan? Me ka ce musu?"

Madam Hannatu ce, da ledar kifi a hannu. Na maimaita mata. Ta ajiye ledar, ta dafa bango, ta yi dariya har takunkuminta ya zame.

"Wayyo Allah, cikina! A nan dara budurwa ce fa! Ka ce kana da budurwa, ta lalace, a wanke maka ita. Then ka ƙara da cewa tsohuwa ce! Da ka ce ja kuma, wancan mutumin ya ji darah, jini ke nan, yana cewa a kira asibiti."

Ga azumi, ga zufa, ga kunya. Na buɗe gwangwanin kawai na ɗaga sama kowa ya gani. Sai wani tsoho ya fito daga cikin shagon, mijin matar, Madam Hannatu ta ce in ce masa Pak Cik, kamar baffa ke nan. Ya karɓa da hannu biyu, yadda mai sana'a yake karɓar kaya.

"Tarbus," ya ce. Wai haka suke kiranta, kuma kakansa ya taɓa dawowa da irinta daga Makka.

Ya ɗora buta a wuta. Ya kara darar a tururi, ya bi ta da burushi mai laushi, ya ɗora ta a kan itacensa mai siffar kai, irin namu sak, yana lallaɓa gefen da ya lotsa da tafin hannu. Yana aiki ya tambayi dalilin da ya sa muke kiran hula da sunan budurwa. Na ba shi labarin Larabawan Turabulus tun daga farko har ƙarshe, Madam Hannatu tana fassarawa. Karo na farko ke nan da na ba da labarin nan da bakina ba wanda ya katse ni. Da ta bushe ya ce in sunkuyo. Ya ɗora min, ya juya ta sau ɗaya yana dariya, ya ce, "Dara. Your size, lah."

Na dubi madubi na daɗe. Madam Hannatu ta daina dariya.

"Ta Baba ce, ko? Allah ya jiƙansa. Dakta ya gan ta?"

Na cire darar na mayar cikin gwangwani. Ta ɗauki ledarta.

"Ni dai ban ga komai ba, Yaya. Amma ko kifin nan ba na barinsa ya kwana a jaka."

Da la'asar na shiga gida na tarar da Sani a falo. Na ajiye gwangwanin a gabansa na ce, "Saƙon Baba ne. Tun ranar da na zo ya kamata in ba ka. Na riƙe ne don ina so, ba wani dalili."

"Na sani, Yaya," ya ce.

Ya ɗauki wayarsa ya kunna wani saƙon murya, na ranar da nake cikin jirgi. Sai ga muryar Baba a falon, da hayaniyar layinmu a bayanta: "Sani, na ba yayanka darata ya kawo maka. Kada ka tambaye shi. Zai yi masa nauyi, amma zai ba ka."

Wata biyu yana miƙo min abinci yana ce min makan, ya san abin da ke ƙasan jakata. Baba kuma ya tafi yana jiran "zai ba ka". Na rasa inda zan sa fuskata.

Sani ya buɗe gwangwanin, ya yi bisimilla, ya ɗora a kansa. Darar ta zurma har kan kunnuwansa, ta tura tabaransa kan hanci. Ya ɗaga ta, ta sake zurmawa. Baba, wanda in mutum ya doso rumfa daga nesa yake faɗin lambar kansa.

"A kan wa aka gwada ta?" ya tambaya.

"A kaina."

Ya cire ta ya riƙe a cinya. Muryarsa ta canja, Turancin ma ya gudu.

"Ka gani ko? Bai san kaina ba. Naka ya sani. Kai kullum kana gefensa, kuna cin abinci kwano ɗaya, ka ji labarin nan a bakinsa sau ɗari. Ni sau ɗaya na ji, ina yaro, shi nake ta juyawa a gaban mutane. Ranar ma na ji ka ce Turabulus, kunya ce ta hana ni gyarawa. Shekara bakwai ina jin haushinka, Yaya." Ya miƙo min. "Riƙe ta. Kai ta yi wa daidai."

Ina so. Kada wanda ya ce muku ba na so. Amma Baba bai ce a kai wa wanda ta yi wa daidai ba, kuma ban ga ranar da zan sa darar kakanmu a matsayin kyautar ƙanena ba. Na ce wa Hajara ta ba ni zare. Na zagaya kan Sani da shi na ƙulla. Rabon da in taɓa kan nan tun yana ɗan shekara biyar ina kai shi aski.

"Ashe ɗan ƙaramin kai ne da kai," na ce. "Duk karatun nan ina ya shiga?"

Hanya biyu ce a sana'armu. Ana iya ɗinka ƙyalle a ciki a rage faɗi, ran da aka ga dama a farke. Ko kuma a tsuke ulun da tururi a kan ƙaramin itace, shi kuwa in ya tsuke ba ya komawa. Na daɗe ina tunanin ƙyallen nan. Washegari na koma Chow Kit da zaren a aljihu, matar Pak Cik tana ganina ta rufe baki tana dariya. Na zaɓi itacen da ya yi daidai da zaren, na ce wa Pak Cik ya ɗora buta, da hannuna zan yi.

Sai bayan babbar salla aka samo mana jirgin kwaso 'yan ƙasa. Aka zura mana tsinke a hanci kafin mu hau, aka sake zura mana da muka sauka, aka ce kowa ya killace kansa. Na fito na je kabarin Baba, na buɗe rumfa, na tarar da gurbin gwangwanin a saman kanta. Bikin yayewar a kwamfuta aka yi shi daga baya. Sani ya turo hoto yana zaune a falo da rigar digiri da jar dara, ta zauna masa cif. Shi ne hoton da kuke karɓar wayata kuna kallo kuna cewa Dakta ya yi kama da Baba.

Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne, ranar da zan taho, Sani ya sauka da jakunkunana, na faki ido na buɗe gwangwanin na ɗora ta a kaina. Na juya ta, na danna. Ta tsaya can sama, ta ƙi shiga. Aikin ya yi kyau ƙwarai, kuma ban taɓa jin haushin aikin hannuna irin na ranar ba.